Baƙin Cikin Hawainiya

Sati uku ke nan kalmar tana bina. Hawainiya. Ba ta yarda a furta ta da garaje. Sai baki ya buɗe, ya lanƙwasa, ya dawo, kamar yadda mai sunan take ɗaga ƙafa ta tsayar da ita a iska kafin ta yanke shawarar inda za ta sauke. A tsakiyar kalmar akwai wani ɗan "wai" da ya maƙale. Haɗuwar sauti ce kawai, amma kunnena ya ƙi sakinsa, domin kusan duk abin da muka taso da shi game da wannan halitta da "wai" aka ba mu shi. Wai tana da dafi. Wai idan ta tofa maka yawu fatarka za ta yi dabbare-dabbare. Wai idan aka ɗora ta a kan atamfa za ta kwashe zanen atamfar tsaf, har da furannin.

A bayan gidanmu a Bulumkutu, cikin Maiduguri, akwai ɗan fili da mahaifiyarmu take shuka rama da kuɓewa duk damina. A nan ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 9, ya tsinto ta. Ya shigo da ita a cikin gwangwanin madara, ya rufe da murfin da ya huhhuda da ƙusa. Jikinta bai fi tsawon ɗan yatsana ba idan aka cire wutsiya.

"Kawu, da na kama ta kore ce shar. Yanzu duba, ta koma baƙa. Ko don cikin gwangwanin da duhu ne?"

Kakarsa ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. "Fitar mini da abin nan daga gida."

Na leƙa. Ta takure a gindin gwangwanin, ta yi baƙi-ƙirin kamar an shafa mata kunkunniya, bakinta a buɗe, haƙarƙarinta na hawa da sauka. Yaron ya ba da amsar da kowa zai bayar, wadda ni ma da ita na girma: ta ga duhu ta zama duhu. Muka fitar da ita muka ɗora a kan farin buhu a inuwa, kuma ba ta zama fara ba. Baƙar ta ci gaba da zama, har sai da muka ja da baya muka bar ta, ta lallaɓa ta kama wani reshen zogale da na jingina mata. Can bayan kamar minti 20 kore ya fara dawo mata, daga ciki zuwa gadon baya.

Tun ranar nake tunanin irin zaluncin da harshenmu ya yi mata.

Wurare uku na san Bahaushe yana ajiye hawainiya a magana. Na farko tafiya. Kwangilar hanya ta ƙi ƙarewa, shari'a ta shekara goma a kotu, sai ka ji a rediyo an ce aikin yana tafiyar hawainiya. Na biyu rikiɗa: mutumin da ya kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, mai fuska biyu, wanda yake fari a gabanka baƙi a bayanka. Na uku kuwa gargaɗin nan da ake yi da ido jawur: hawainiyarka ta kiyayi ramata. A duka ukun ita ce mai laifi. Ko malalaciya, ko munafuka, ko mai shiga gonar da ba tata ba.

Wannan na ukun ya fi daɗe mini a rai, wataƙila don a cikin rama aka tsinto tamu. Me hawainiya take yi wa rama? Ba ta cin ganyenta, ba ta taɓa ɓawon da ake igiya da shi. Zama take a kan kara tana jiran fara da ƙwarin da su ne suke huda ganyen. In da adalci, mai rama godiya ya kamata ya yi mata. Amma wanda ya fara yin maganar ya ga wani abu na gaskiya: kore a kan kore, ido biyu suna juyawa, kana tsinkar ganyen kwaɗo ba ka san akwai mai kallonka ba sai hannunka ya kusa taɓa ta. Tsoron da yake cikin karin maganar tsoron abin da yake kusa da kai ne ba ka gani. Kalmar rama kanta ma ta iya rikiɗa. Da ɗan sauyin murya ta bar ganye ta koma ramar da ciwo yake sa wa jiki, ko ramawar da ake yi wa wanda ya yi maka. Duk wanda ya ce ka kiyayi ramarsa, kunne yana jin na ƙarshen a ƙarƙashin na farkon.

Rikiɗa kalma ce mai nauyi. Ba canji ba ce irin na kaya. A tatsuniya da hirar dare, maye ne yake rikiɗa, ko mutumin da yake zama kura idan sawu ya ɗauke, kuma nan Barno labarin irin waɗannan mutane tsoho ne. 'Yan'uwanta na sauti, rikita da rikici, ba su ƙara mata farin jini ba. To da muka ɗauki wannan kalma muka liƙa wa hawainiya, mun yanke mata hukunci ke nan kafin mu tsaya mu dube ta.

Waɗanda suka tsaya suka duba sun ga wani abu dabam. A shekarar 2015 masana a Jami'ar Jeneba, ƙarƙashin jagorancin Michel Milinkovitch, sun bincika fatar wata irin hawainiya ta Madagaska. Suka tarar a ƙarƙashin fatar akwai ƙwayoyin halitta cike da wasu mitsi-mitsin duwatsu na sinadarin guwanin, jere reras. Idan hankalinta a kwance yake, duwatsun suna matse da juna, sai su mayar da shuɗin haske. Shuɗin ya ratsa ta cikin launin rawaya da yake saman fatar, ido ya ga kore. Idan namiji ya hango abokin gaba ko mace, tazarar duwatsun sai ta buɗe, launin ya karkata zuwa rawaya ko ja. Irin abin da yake faruwa ne a wuyan tattabara idan ta juya a rana. Baƙin kuma wani sinadari ne da yake kwance a can ƙasa, yana tasowa ya lulluɓe sauran idan ta tsorata, ko ta ji sanyi tana neman jikinta ya sha rana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga ƙyalle ya fito daga ruwan baba da kore-kore, iska ta buge shi ya zama shuɗi a gaban idonsa, ya san launi yana da dalili. Na hawainiya dalilinsa zafi ne da sanyi, tsoro da natsuwa, fushi da sha'awa, barci da ciwo. Sajewa da ganye tana ciki, amma ita kyauta ce ta asali: korenta na kwanciyar hankali ya riga ya dace da inda take zama.

Abin mamakin shi ne Hausa ta riga ta san wannan ilimi, a kan mutum ta ajiye shi. Mu ne muke cewa farin ciki da baƙin ciki. Mu ne masu jan hali da jan ido, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar zuciya. Mun ɗauki launuka uku na asali, fari da baƙi da ja, mun raba wa abin da yake cikin ƙirji. Sai dai namu a ciki yake tsayawa. Ba wanda ya taɓa ganin baƙin cikin wani da ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ta iya ƙarya, ana koya mata tun tana ƙarama. Hawainiya ce kaɗai na sani da baƙin cikinta yake fitowa baƙi a fata, kowa ya gani. Abin da na leƙa na gani a gindin gwangwanin nan ke nan. Halittar da muka mayar alamar munafunci ba ta da ikon ɓoye ko tsoronta.

A wannan gari mun san ɓoyewa. Tun daga 2009 mutanen Maiduguri suka koyi riƙe fuska a shingen bincike, a kasuwa, a gaban maƙwabcin da ba a san ina ya dosa ba. A nan Bulumkutu akwai cibiyar da gwamnatin jiha take sauke yara da matan da rikicin Boko Haram ya rutsa da su, kafin a mayar da su ga danginsu. Yaron da ya ga abin da bai kamata babba ma ya gani ba, ka tambaye shi ya yake, zai ce maka lafiya lau. Sai mai haƙuri ne zai gane daga yadda yake zama kusa da ƙofa, ko yadda yake zabura idan murfin tukunya ya faɗi. Na sha yin fatan a ce ɗan Adam yana da ko kaɗan daga abin da muke zagin hawainiya da shi, don masu kula da shi su san lokacin da za su ja baya su ba shi iska.

Sauran launukan da ba fari ba, ba baƙi ba, ba ja ba, da yawansu da ruwa muke kiransu: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan hoda. Launi aro ne daga Larabci, kala daga Turanci, ruwa kuwa namu ne. Ina son wannan, domin ruwa abu ne mai gudana, ba ya zama wuri ɗaya, kuma ruwa ne ya kusa kashe mana 'yar hawainiyar a kwana ukun farko. Yaron ya ajiye mata a murfin kwalba, fal. Ba ta ko kalle shi ba. Idanunta suka fara lotsawa ciki, fatarta ta yi yaushi. Hawainiya a daji raɓa take sha da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Ruwan da yake kwance lum a mazubi ba ta ɗauke shi abin sha ba. Da muka samo sabuwar robar fesa ruwa muka jiƙa ganyen da safe, ta matso ta buɗe baki a hankali tana lasar ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya yi tsit har ta gama.

A lokacin an riga an daidaita da kakarsa: za ta zauna, amma a bayan gida, kuma ba har abada ba. Na tuna mata da Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ita kuma ta tuna mini da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Tsakanin waɗannan hadisai biyu muka gina kejin.

Wani kafinta a bakin titi ya haɗa mana shi da katako da ragar taga, dogo a tsaye, ya kai mini ƙirji, domin hawainiya sama take nema, faɗin ƙasa bai dame ta ba. Raga ta kowane gefe, saboda iska. Kwalba ko bokitin roba ko akwatin gilashi a garin da zafin Afrilu yake wuce digiri 40 tanda ce. Muka sa tukunyar ƙasa da ɗan dashen lemun tsami a ciki, muka gicciya sirran rassa, waɗanda tafinta zai iya zagayewa. Sai ka duba tafin nan da kyau za ka ga yatsu biyar ne aka ɗaure gida biyu, biyu a gefe uku a gefe, kamar awartaki. Muka ajiye kejin inda hantsi yake taɓa rabinsa, rabin kuma inuwar darbejiya ta rufe, don ita za ta zaɓa. Da safe takan hau sama ta baje jikinta ta yi duhu ta ɓangaren da yake fuskantar rana. Idan ta ɗumama sai ta washe ta sauko cikin ganye. Wannan duhun na safe ba irin na gwangwani ba ne, kuma cikin mako guda yaron ya iya bambancewa: na rana baki a rufe yake, jiki a sake.

Ranar ba don ɗumi kaɗai ba ce. A cikinta akwai hasken da jiki yake bukata ya haɗa bitamin D3, wanda sai da shi kalsiyam yake shiga ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske. Ƙaramar hawainiyar da aka ajiye a ɗaki ƙafafunta suna lanƙwashewa, muƙamuƙinta ya yi laushi, ta kasa riƙe reshe. Masu kiwonta a Turai da Amurka, waɗanda yawanci irin ta Yaman ko ta Madagaska suke saya, ƙwan fitila na musamman suke saye da tsada don su kwaikwayi abin da yake zuba a tsakar gidanmu kyauta.

Abinci bai ba mu wahala ba. Garin da ake soya fara da yaji ana sayarwa a bakin hanya ba zai rasa fara ba. Ita mai rai take so, ƙanana, waɗanda ba su fi faɗin kanta ba, da gyare da ƙuda da shinge idan an yi ruwan dare. Sharaɗi ɗaya na kafa wa yaron: kada ya kamo daga gonar da aka yi wa feshi, kuma kada a kusanci kejin da fiya-fiya ko hayaƙin maganin sauro. A wurin cin nan ne tafiyar hawainiya take ƙarewa. Idanun da suke yawo kowanne da nasa gefen sai su haɗu a kan fara ɗaya, baki ya ɗan buɗe, kafin ka ƙifta harshen da ya fi jikinta tsawo ya je ya dawo. Duk jinkirin nan tanadi ne. Rangajin da take yi gaba da baya a kan reshe ma yana sa ta yi kama da ganyen da iska take kaɗawa, shaho ya wuce bai lura ba. Larabawa, da suke kiranta hirba, sun fi mu yi mata adalci a nan: da ita suke buga misalin taka-tsantsan, domin ba ta sakin reshe sai ta kama wani. Yarabawa sun sa ta a labarin farkon duniya, ita aka aiko ta taka ƙasa ta ji ko ta yi ƙwari. Zulu kuwa sun ɗora mata laifin mutuwa baki ɗaya, cewa an aike ta da saƙon ɗan Adam ba zai mutu ba, ta tsaya a hanya, ƙadangare ya riga ta isa da akasin haka. Girkawa zakin ƙasa suka kira ta.

Abu mafi wuya shi ne hana yaro taɓa abin da yake so. Abokansa sukan zo bayan Islamiyya, kowa yana son ta hau hannunsa, kowa ya zo da hula ko ƙyalle mai launi don a gwada abin da suka gani a bidiyon Facebook. Irin tamu ta Sahel, wadda ake samu tun daga Mali har Sudan da Masar, ba ta da ja da shuɗin nan na 'yan Madagaska. Tsakanin kore da rawaya-rawaya da ruwan ƙasa da baƙi take kai-kawo, ƙarama kuma ba ta ko kai manyanta bayyana ba. Duk lokacin da hannaye suka yi yawa, sai ɗige-ɗige baƙaƙe su fito mata, ta kumbura, ta buɗe baki tana huci. Ba ta da dafi ko kaɗan, wannan hucin shi ne iyakar makaminta. Wani ya kawo shawarar a samo mata 'yar'uwa don kada kaɗaici ya dame ta. Na hana. Hawainiya ita kaɗai take rayuwa, idan aka haɗa biyu a keji ɗaya sai mai rauni ta yi duhu ta daina ci.

Wata safiya yaron ya rugo a guje. "Kawu, ta yi fari fat, ko mutuwa za ta yi?" Saɓa take. Ƙananansu suna yi a kai a kai saboda girma. Na ce kada ya ja mata fatar, ya ƙara fesa ruwa kawai. Kafin la'asar tsohuwar fatar ta tsattsage tana rataye kamar tsumma, sabon kore ya fito a ƙasa. Da dare kuma, idan ka haska ta da tocila daga nesa, za ka same ta a ƙarshen reshe ta yi haske kamar ganyen da ya fara bushewa, wutsiya a naɗe kamar gammo. Barci ke nan.

Akwai jinsin hawainiya sama da 200 a duniya, kusan rabinsu a Madagaska, har da wata da aka bayyana a 2021 da za ta zauna daram a kan farcen babban yatsa. Tamu ba ta cikin masu tsada, amma ba ta tsira ba. Ana busar da ita a jera a shimfiɗar masu magani a kasuwanninmu, ana kwasar 'yan'uwanta da rai daga Togo da Benin da Ghana zuwa ƙasashen waje, yara kuma suna jifanta don an ce musu wai. Ga unguwa tana cinye fili, inda ake shuka rama bara bana bulo ne.

Keji kuma amana ce da ba ta da hutu. A ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hukumar gidan namun daji na Sanda Kyarimi ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu. Kada da maciji ruwa ya fitar da su, wanda ƙarfe ya tsare ba shi da inda za shi. Wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai ya ɗauke masa ikon gudu, duk abin da zai zo sai dai ya zo a wuyan mai makulli. Wannan na faɗa wa yaron da na ga damina ta fara ja da baya, fara tana raguwa, sanyin hunturu yana tafe, makaranta kuma ta koma. Bai yi gardama ba. Ya ce a bari sai Asabar.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗauki kejin zuwa gindin lemun da yake ƙarshen filin, muka buɗe ƙofar, muka kara wani reshe daga bishiyar zuwa ciki. Kakarsa ta fito ta tsaya daga nesa da tasbaha a hannu. Hawainiyar ta ɗauki kusan rabin awa. Ta miƙa hannu ɗaya ta taɓa sabon reshen, ta janye, ta sake miƙawa, kuma wutsiyarta ba ta saki na cikin kejin ba sai da ƙafafu huɗun suka kama na waje. Har ta shige cikin ganye kore ce shar.